Gyaɗa Kan Sa'adatu Ba Amsa Ba Ne

Zuwa ga masu girma 'yan majalisar da ke wakiltar Gwaram da Birnin Kudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimake ku.

Ni malamin Islamiyya ne a Fagam, ban saba rubuta wa manya takarda ba. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanwata Sa'adatu tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma kurma ce, ba ta ji ba ta magana. Cikinta na fari ya tafi da ɗan, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Wallahi kwanakin nan ko karatu nake biya wa ɗalibai, hankalina yana kanta.

Na farko, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana 'yar ƙarama. Ba ta yi makarantar kurame ba, maganar hannunta ta gida ce, wadda ita da Innarmu suka ƙirƙira a tsakar gida, ni kuma na tsince ta saboda ni nake goya ta. Inna, Allah ya ji ƙanta, ta yi mata tarbiyya irin wadda ake yi wa kowace 'ya a gidanmu: in babba yana magana a durƙusa, a sunkuyar da kai, a gyaɗa. To ga inda matsalar take. Ɗan abin da Sa'adatu take tsinta daga maganar mutane, a leɓensu take ganinsa. In ta sunkuyar da kai ba abin da ya isa gare ta, amma kan nan sai ta gyaɗa shi, don ladabi.

A cikinta na fari tana zuwa awo wani ƙaramin asibiti da ba zan ambaci sunansa ba. Nas ta gwada ta, ta ga jininta ya hau. Ta ba ta magani, ta ja mata kunne cewa in ta ji ciwon kai, ko ta ga jiri, ko ƙafa ta kumbura, a garzayo da ita kada a kwana. Nas ɗin tana sanye da takunkumin rufe baki, Sa'adatu tana kallon ƙasa, tana gyaɗa kai. Ta dawo gida da murmushinta, ta nuna mana komai lafiya. Da ƙafafunta suka kumbura, tsofaffin gida suka ce ai haka ciki yake yi. Ran nan tana shanya gero ta yanke jiki ta faɗi, jijjiga ta kama ta. Muka kwashe ta a mota zuwa Birnin Kudu. Likitoci sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, sun ceci uwar. Yaron namiji ne, ni na yi masa sutura.

Bayan kwana biyu nas ɗin ta zo mana jaje har gida, da ƙafarta. Tana kuka tana rantsuwa cewa ta faɗa mata, har ta maimaita, kuma yarinyar ta amsa da kai. Ban ƙaryata ta ba, ban kuma riƙe ta a zuciya ba. Ta faɗa ɗin. Ba wanda ya taɓa koya mata cewa faɗa wa kurma magana da baki daidai yake da rashin faɗa.

Na biyu, na san za ku ce to me ya hana ni in riƙa shiga da ita? Ai ina zuwa, ranku ya daɗe. Duk ranar awo ina ajiye makaranta in ɗauke ta a babur. Amma a bakin ƙofa ake tsayar da ni, a ce Malam, maza ba sa shiga, kuma gaskiyarsu ce, matan mutane ne a ciki. Ko an bar ni ma, wace ƙanwa ce za ta dubi idon yayanta ta nuna masa abin da take gani a jikinta? Kunya ba za ta bar ta ba, ni ma haka. Mijinta Isiyaku mutumin kirki ne, manomi, amma maganar hannun da ya iya ba ta wuce ta tuwo da ruwa da zuwa gona ba, kuma shi ma namiji ne. Matata takan raka ta ciki, ta iya nuna mata "zauna" da "tashi", amma a ce ta nuna jiri ko hawan jini, sai ta tsaya tana kallon nas, nas tana kallonta. Mace ɗaya ce a duniya take jin Sa'adatu ciki da waje, ita ce Inna, kuma tana kabari.

Na uku, maganar doka. Na ji a rediyo ana bayani cewa akwai dokar da ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar marar lafiyar da ba ya ji ko ba ya magana. Da na ji, har kabbara na yi ni kaɗai. Ranar awo ta gaba na tambayi ma'aikatan, cikin ladabi, ina tafintan da doka ta ce? Ɗaya ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce shi ma a rediyon ya ji. To ina amfanin dokar da ta tsaya a rediyo, ga wadda ba ta jin rediyo? Lokacin zaɓe Sa'adatu ta bi layi a rana ta dangwala yatsa, ba wanda ya ce sai an nemo tafinta kafin a karɓi ƙuri'arta. Ku yi mini afuwa in na yi zafi, raina ne a ɓace.

Ga roƙona.

Ɗaya, ku tsaya a kan dokar nan har ta iso ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Tafintar kuma ta zama mace. In aka turo namiji, shi ma a bakin ƙofa zai tsaya kusa da ni. Ba sai an je nesa ba: ranar kasuwar Gwaram ku dubi inda kurame suke taruwa suna hira da hannu, akwai 'ya'yansu mata masu ji, waɗanda suka tashi da maganar hannu tun a goye. Na ga ɗaya daga cikinsu ta zauna da Sa'adatu, kafin in sayi gishiri in dawo suna ta ƙyalƙyala dariya. A horar da irinsu, a ɗauke su aiki.

Biyu, kafin a kai ga wannan, a ba ma'aikata umarni kada su ƙara karɓar gyaɗa kai daga kurma a matsayin amsa. Nas ta cire takunkumi, ta ɗago haɓar mace su haɗa ido, ta nuna mata a hoto ko a jiki, sannan ta sa ita ma ta nuna abin da ta gane. Wannan ba ya buƙatar sabon gini.

Uku, a daina kiran suna da baki kawai. In ba matata na kusa, Sa'adatu sai ta wuni a benci an kira ta an wuce.

Ranku ya daɗe, na san aikin majalisa ba ya sauri, cikin kuma ba zai jira zamanku ba. Ƙafarta ta fara kumbura, na gani da idona, ita ma ta ga na gani. Shekaranjiya da muka dawo daga awo, ta sauka daga babur ta riƙe hannun rigata. Ta dafa cikinta, ta nuna hanyar asibiti, ta yi alamar da take kiran Inna da ita, ta buɗe tafukanta wayam. Sannan ta tambaye ni ko a wannan karon akwai wadda za ta ji ta a can ciki. Ba ta sunkuyar da kai ba, ido cikin ido ta dube ni. Sai na gyaɗa mata kai, ta yarda, ta shige gida. Ina roƙonku don Allah kada ku bar ni in zama na yi mata ƙarya.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka, ya tsare muku matanku da 'ya'yanku. Ita kuma ku sa ta a addu'a, Allah ya raba lafiya.

Wassalam.

Naku,
Yayan Sa'adatu, daga Fagam