Ta'aziyyar Malam Bi-Sawuna da Roƙon a Maido da Sandarsa

Cikin alhini da kaɗuwar zuciya, Ƙungiyar Malaman Kimiyya na Makarantun Sakandare ta samu labarin rasuwar abokin aikinmu, tsohon mataimakin shugaban wannan ƙungiya, shugaban sashen nazarin halittu, kuma uban Kulob ɗin Kare Namun Daji na makarantarsa, wanda ɗalibai da iyayensu, har da mu kanmu, muka fi sani da Malam Bi-Sawuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika a asibiti, sakamakon harbin wata bindiga da maharba suka ɗana wa gadu, wato aladen daji, a gandun dajin da ke bayan makarantar.

Marigayin ya karɓi ɗakin gwaji da ba komai cikinsa sai ƙura da kwanyar biri ɗaya, ya mayar da shi wurin da yara ke jinyar bushiya da kunkuru cikin kwali. Duk Asabar yakan shiga gandun da ɗalibansa su kwance tarkunan da ake yi da wayar birkin keke, waɗanda ke shaƙe gada da zomo. Dokarsa ɗaya ce: shi ne gaba, yana laluben ciyawa da doguwar sandarsa, kowa kuma ya sa ƙafa daidai inda ya ɗauke tasa. "Ku bi sawuna," yakan ce, har kalmar ta zame masa suna. Mun sha tsokanarsa a ɗakin malamai cewa ya mayar da 'ya'yan mutane jerin agwagi, shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da gyaran takalminsa.

Ranar da abin ya faru, sandar ce ta taɓa siririyar wayar da aka ɗaure wa kunamar bindigar. Yana kwance cikin jini, bai ce a ɗauke shi ba, abin da ya ce wa yaran shi ne, "Kada wanda ya zo kusa da ni. Ku juya, ku koma ta sawunku, ku kira manya." Ko ƙwarzane babu yaron da ya samu.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da mahaifiyarsa, da shugabar makaranta da ɗaukacin malamai da ɗalibai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi, Ya kuma tona asirin wanda ya ɗana wannan mugun abu.

Sai dai ba za mu ɓoye wa jama'a ba, a tsorace muke rubuta wannan saƙo. Ma'aikatan gandun daji sun tabbatar mana cewa sun ƙara cin karo da irin wannan bindiga, kuma ba su gama bincike ba. Marigayin kuwa ya cusa wa ɗalibansa cewa duk wanda ya ga tarko ya wuce, da hannunsa a mutuwar dabbar. Yaran sun riƙe wannan magana gam. Mun ji raɗe-raɗin cewa 'yan kulob ɗin sun yi wa juna alkawarin komawa su ƙarasa aikin Malam, ba tare da sanin kowa ba. Da farko mun ɗauka zafin rashi ne, zai huce. Jiya sai mai shara ya tarar sandar, wadda aka maido aka jingine bayan ƙofar ɗakin gwaji, ba ta nan. Gobe kuma Asabar ce.

Saboda haka muna roƙon iyaye, don girman Allah, gobe kowa ya san inda ɗansa da 'yarsa suke. Wanda ya ce za shi karatu gidan aboki, a raka shi har ƙofa. Wanda aka ga ya ɗauki fulaya ko ya sa takalmin shiga daji, a zaunar da shi.

Ku kuma 'ya'yanmu, ba wanda ya ce a watsar da aikin malaminku. Za a ci gaba da shi idan ma'aikata sun tsabtace gandun. Amma ku tuna, bai taɓa barin ɗayanku ya shiga gabansa ba, kuma umarninsa na ƙarshe shi ne ku juya. Maiɗakin marigayin, wadda uwa ce a gare ku, ta ba mu saƙo a kanku: "Na binne ubansu. Kada su sa in je gidan wata uwa gaisuwa a kan aikin mijina."

Duk wanda sandar ke hannunsa, ya kawo ta. Ba hukunci, ba tambaya. An bar ƙofar ɗakin gwaji a buɗe, kuma ni da kaina ina zaune a ciki ina jira.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya, kuma maƙwabcin teburin marigayin a ɗakin malamai,
A madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi.