Hoton Baba ya iso Maamobi

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Italiya, ya maigida da yara? Ya ƙafar nan taki? Mu nan Maamobi lafiya lau, alhamdulillahi.

Na dawo daga hutun Nijar, kuma ni na yi gaskiya! Ina haɗa kaya Inna ta tsaya a kaina: "Gaida dangi za ka, ba ɗaukar biki ba. Waya ta isa. Kwashe tarkacen nan in sa maka kwalbar yajin shito." Na bar fitila da sandar kyamara, amma kyamarar da gilashin bakinta da nake ɗaukar lallen amare da shi, na ce ko kusa. Har tasha ba ta kula ni ba.

Yaya, a can Nijar ɗin Gwaggo Mariya ta buɗe kwallarta ta fito da hoton marigayi Baba yana saurayi, bai fi kwalin ashana ba. Mu da muka zaci babu hotonsa a duniya! Ta rantse ba zai bar hannunta ba. Na gwada waya, sai dishi-dishi. Gilashin lallen nan ya fito da shi har tsagen kumatunsa.

Na wanko babba na rataye a falo. Inna ta daɗe a gabansa, sannan ta ce, "Ko nan ma hular a karkace take." Yanzu da kanta take goge mini kyamara.

Naki na hanya. Ki gaida kowa, a sa Baba a addu'a. Yara kuwa, ga kakan da suke tambaya.

Ƙaninki,
Sadiku