Karfasa da shuɗi biyu

Keffi, daren Laraba

Yau na gama gwajin ƙarshe. Tun farkon damina nake koya wa karfasa su taɓa kati mai launi da baki, in ba su abinci. Katunan shuɗi iri biyu ne, kore ma iri biyu. Manhajar da ke kwaikwayon idon kifi ta nuna za su bambanta shuɗin nan biyu cikin sauƙi, amma kore biyun sun yi kama da yawa, ba za su iya ba. Sai abin ya juye. Kore suna ganewa, shuɗi kuwa kame-kame kawai suke yi.

Na kai wa Dakta Ladi, mai duba aikina. Ta daɗe tana kallon sakamakon, sannan ta ce, "Rifkatu, ko dai hasken ɗakin gwajin ne ya jawo haka, ko manhajar ce. Sai kin sake daga farko kafin in sa hannu."

Wato bana ma ba zan kammala karatun ba. Na ce mata to. Ko haushi ban ji ba.

Maigida ya dawo daga aiki a Abuja a gajiye, cunkoson Mararaba ya riƙe shi. Ya tambaye ni yaya kifina. Na ce masa duk sun ci abinci.