Bakin Kogin Lena

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024
Malam Tukur mai koya mana jogirafi ya raba mana koguna. Ranar Alhamis kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayanin nasa. Ƙawata Lubna ta samu Kogin Kaduna. Ni kuwa wai Lena, can ƙasar Rasha. Ni da ko sunana aka kira a rajista sai Lubna ta amsa mini.

Talata, 15
Na duba a wayar Yaya Zubaida. Ya haura kilomita dubu huɗu. Daga duwatsun kusa da tafkin Baikal yake tasowa, ya miƙe arewa, inda ba kowa sai sanyi. Wa ya aike shi? Wata da watanni ƙanƙara ne, har mota ke bi ta kansa. Sunan ma ɓarna aka yi. Lena ai budurwa ce mai dogon gashi, tsaye a wannan gaɓa, saurayinta kuma a waccan... Kai, Raudatu, yi karatu.

Laraba, 16
Na yi wa buhunan masara bayanin sau biyar. Umma ta leƙo: "Da masarar ma raɗa kike yi?"

Alhamis, 17
Na tsaya gaban aji na yi bayanina, har na kai ƙarshe. Sai Malam ya tambaya da Turanci, ina bakin kogin yake? Na juya maganar da Hausa a kaina, na ce hagu da dama, ko'ina. Aji ya kwashe da dariya. Ashe a Turanci baki ɗaya kogi gare shi, inda ya zuba cikin teku.
Haushi ya sa na manta kunya. Na ce, "Malam, rafinmu na Hunkuyi baki biyu gare shi, a ɗaya muke wanki." Da ƙarfi fa.
Malam ya ce, "Da gaskiyarki. To na Turawan fa?"
Na ce Tekun Laptev. Dama na sani.

Juma'a, 18
Yanzu Baki Biyu suke kirana. Har Lubna. Allah ya isa.

Litinin, 21
Malam ya ce wa zai ɗauki Kogin Kongo. Hijabina kawai nake gyarawa, ya ce ya ga hannuna. Ban musa ba, don dai ba na son gardama.