Kafin In Iso Kano da Idona

Babura

Zuwa ga aminina Malam Manasseh,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Juliana da jikoki. Yaya ƙafar taka, ta bar ka kana zuwa coci?

To, 'yata Sadiyya ta ci galaba a kaina. Tun rasuwar uwarta take nacin in koma wajenta Kano, na kuwa amsa, da an kawar da gero zan taso. Kar ka ɗauka birnin naku ne ya ruɗe ni. Shagunan littattafai nake marmari, da babban ɗakin karatun da kake yi min fariya da shi tun muna koyarwa tare a firamaren nan. Littattafan akwatina na karanta su har bangonsu ya zube, nan kuwa in ka tambayi littafi sai a miƙo maka na rubutu. Wallahi ɗoki nake kamar sabon ɗan makaranta. Na ƙudura kullum da hantsi ina can, sai masu gadi sun kore ni.

Abu ɗaya ke damuna. Yanar ido ta rufe min na hagu, na dama ma ya fara hazo. Sadiyya ta ce sai na iso za a kai ni asibiti, amma na ji layin aikin ido na da tsawo.

Naka,
Daudu

Babura

Malam Manasseh,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa ƙalau. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, yadda nake iya gani ke nan.

Ranar kasuwa wani mai maganin ido ya ƙetaro daga Nijar, irin masu kwantar da yana da allura. Maƙwabcina Sama'ilu ya rantse min ƙanin babansa ta hannun mutumin ya sake ganin hanya. Na san abin da za ka ce, ni ma na sha faɗa wa ɗalibai su guji irin wannan. Amma na tuna zan zauna a Kano wata da watanni, littattafai na kusa da ni, ni ina jiran layi. Sai na zauna masa a tabarma. Ya ce ido ɗaya ake yi a jira, na ce ya haɗa biyun, tunda ba zai dawo ba sai na tashi.

Da ya gama na ga hasken rana tas, har koren ganyen darbejiya. Rubutu dai bai fito ba tukuna, kuma zogin ya hana ni sakat. Ya ce zai lafa. Don Allah kar Sadiyya ta ji.

Amininka,
Daudu

Babura

Ɗan'uwana Manasseh,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Wannan ba hannuna ba ne, Sama'ilu ke rubutawa ina faɗa. Yana ta kuka, na ce ya bari ya gama tukuna.

Zogin bai lafa ba. Idanun suka kumbura, hasken ya yi ta ja baya har ya ɗauke. Dole aka kira Sadiyya, ta zo ta kai ni asibitin Kazaure. Likita ya duba su sosai. Daga baya ya ce da ban taɓa su ba, aikin ɗan lokaci ne, in tashi ina karatu. Yanzu babu abin da za a iya. Mutumin kuwa tuni ya koma tsallake, ba wanda ya san garinsu. Sadiyya ko faɗa ba ta yi min ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo.

Asabar mota za ta zo. Ina tsoro, Manasseh, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ban san me zan yi da yini guda a gidan suruki ba.

Alfarma ɗaya nake nema. Na san doka ce ba a ɗaga murya a ɗakin karatu. Ka je ka roƙar min ma'aikatan, ko akwai wani lungu, ko da baranda ce, inda za su yarda wani tsoho ya karanta wa wani tsoho a bayyane. In sun ƙi, kar ka faɗa min sai na iso.

Ni ne naka,
Daudu