Ƙanin Mijina Yana Zuba Ruwa a Rami Yana Kallon Agogo

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin in yi abin da zai raba zumunci.

Ni mai ɗinki ce. Muna gina ɗan gida ni da maigidana, kuma tun ranar da aka ja igiyar harsashi na ware kusurwar gaba don shagona. Shekara tara keken ɗinkina yana ƙarshen gado, masu kawo aiki suna tsallake takalman yara kafin su zauna. Da aka zo kan sokawe, wato ramin da ruwan banɗaki zai riƙa gangarawa, maigidan ya ce ƙaninsa za a ba, wai ya yi kwas na wata shida har an ba shi takardar shaida. Takardar na gan ta, an manne ta cikin leda tana ta sheƙi. Amma ni ban taɓa jin an shiga aji don haƙa masai ba.

Kwana uku ke nan bai haƙa komai ba sai ƙananan ramuka huɗu da ba su wuce gwiwa ba. Ya cika su da ruwa, ya zauna kan bulo yana kallon agogo yana rubutu. Tsohon maginin da ke mana gini dariya yake ta yi, ya ce shi a kwana biyu zai gama a bayan gida, inda kowa ke yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekaranjiya na same shi a gidan maƙwabcinmu na baya, ya ja tef ɗin awo daga bakin rijiyar mutumin zuwa katangarmu, suna ta hira da dariya. Jiya kuma sai ga shi da hukunci: wai baya ba zai yiwu ba, sai dai gaba, daidai inda shagona zai tsaya. Anti, wa ya ɗauke shi aiki, mu ko maƙwabci? Zuciyata na ce mini sun haɗa baki ne, takardar ma ƙila saye ya yi. Na faɗa wa maigidan, tun jiya gaisuwa kawai ke haɗa mu. In kore shi ne in ba tsohon?

Mai ɗinkin da hankalinta bai kwanta ba

’Yar’uwa, na ji zafin maganar shagon, shekara tara ba wasa ba ce. Amma ki riƙe korar nan tukuna.

Zuba ruwa da kallon agogo aiki ne, ba shiririta ba. Yana gwada saurin da ƙasarku ke shan ruwa, don in ba ta sha, damina ɗaya za ki ga abin da ba kya son gani a tsakar gida. Awon rijiya ma haka: wanda aka koyar yana auna kowace rijiya da ke kusa, taku ko ta wani, saboda ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa katanga ba ta tare ta. Tsohon magini ya san bulo, amma ranar da yaran maƙwabci suka fara ciwon ciki, ƙofarki za a ƙwanƙwasa, shi yana wani ginin.

Duk da haka ban ce ki rufe ido ba. Leda mai sheƙi ba shaida ba ce, kuma shi ma ya yi kuskure da ya yanke hukunci a filinki bai zaunar da ke ba. Ki ɗauki sunan makarantar da lambar takardar, ki je da ƙafarki ki tambaya. Sannan ki sa ya buɗe miki littafin nan a gaban yayansa, ya nuna miki abin da ya auna, ki tambaye shi ko ramin zai matsa gefe shagon ya samu wuri, ko da ya ɗan ƙanƙance.

In takardar ta bogi ce, ki sallame shi ki nemo wani mai horo. In kuwa ta gaske ce, to kin kira ƙanin mijinki maci amana don ya ƙi sa wa mutane najasa a ruwan sha. Wannan ba a aike ake gyara shi ba, da bakinki za ki ba shi haƙuri.

Allah ya sanya albarka a gidan, ya nuna mana ranar buɗe shago.