Ta Kwamfutata Anka Shiga

Daren Laraba, Goronyo

Na kasa cin tuwo. Ni ke rubuta dokokin tsaron kwamfutocin tashoshin wuta, ni ke yawo ina gargaɗin kada kowa ya buɗe saƙon da bai san mai shi ba.

Ran Lahadi anka yi kutse cikin kwamfutar tashar wutar garin ga, wutar injinan ban ruwa ta ɗauke, kwana biyu albasar mutane na ƙuna. Gaban manoma na yi wa mai kula da tashar, Baba Sidi, faɗa, na ce shi ya saki lambar sirri. Bai ɗaga kai ba, sai cewa ya yi, "Ɗana, mi zan ce? Kai ka san aikin."

Yau masu bincike sunka kira ni daga Sakkwato. Ta kwamfutata anka shiga. Wata gayyatar taro ce ta ƙarya, na buɗe ta cikin gaggawa.

Tsohon ga, Baba Sidi, shi ya yanka ragon sunana. Bayan la'asar na hango shi cikin kasuwa, na laɓe bayan buhunan gero har ya wuce.

Gobe zan cire sunanai daga rahoton da na rubuta kan kutsen in sa nawa, sannan in tafi gidanai da ke unguwar Magarya. Ban san da wane baki zan yi sallama ba.